"Wlh Gwaggo ta kashe mu": saƙon da ya hargitsa zauren dangi

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a Zariya, kuma 'yar farina ce ta jawo mini abin da ya hana ni barci. Shekararta 19, tana aji biyu a jami'a. Da Babbar Sallah, gwaggonta, wato yayar maigidana, ta yi dambun nama ta aika wa kowane gida. Wani ya ɗauki hotonsa ya sa a guruf ɗin dangi na WhatsApp, kowa yana sa albarka. Sai yarinyar nan ta rubuta: "Wlh tlh dambun Gwaggo bala'i ne, ta kashe muuu 💀💀💀🔥 no cap." Gwaggo ba ta iya karatun boko sosai ba, wata ce ta karanta mata, ta ce ai an ce dambunki bala'i ne, kin kashe mutane, har an sa hoton ƙoƙon kan gawa da wuta. Anti, baiwar Allahn nan bara mijinta ya rasu. Ta kira ƙaninta tana kuka, ta ce ashe abin da ake faɗa a kanta a gidansa ke nan. Maigida ya ce a karɓe wayar, yarinya ta kafe wai ita yabo ta yi. Da na matsa mata sai ta tura "sorry Gwaggo" da hoton hannuwa a haɗe, har yau ba amsa. Ranar da ta shiga wanka na duba wayar, na ga kusan duk saƙon da take tura wa ƙawayenta sai ta sa "wlh", wani sa'in sau uku a layi ɗaya. Shin 'yata lalacewa ta yi? Akwai kaffara a kanta? In bari a karɓe wayar? Yaya zan yi da Gwaggo?

Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya jiƙan mamacin, ya ƙara wa Gwaggo haƙuri.

Bari in fara sauke miki kaya ɗaya: 'yarki ba ta zagi gwaggonta ba. Duk wanda ke da ɗan shekara ashirin a gida zai fassara miki saƙon nan ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Cewa ta yi dambun ya yi daɗi ƙwarai da gaske, kuma ba ƙari a maganarta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma fa ta yi laifi, kuma ba ƙarami ba. Sai dai ba a inda ke da maigidanki kuke lalube yake ba.

Ki dubi kalmar da ta fi tayar da hankali, "bala'i". Ba yaran waya suka ƙago wannan salo ba. Ke da bakinki sau nawa kika ce atamfa ta yi masifar kyau, yaro yana da shegen wayo, wane ya tara uban kuɗi, miya ta yi ɗan banzan daɗi? Bahaushe ya daɗe yana ɗauko muguwar kalma ya ɗora wa abin kirki don ya nuna abin ya wuce misali. "Ya kashe mu da dariya" kuwa kakanninmu suna faɗa a dandali tun ba a san lantarki ba. Abin da yaran suka yi kawai shi ne sun datse wa maganar jela. "Bala'in daɗi ne da shi" ya koma "bala'i ne". "Ta kashe mu da daɗi" ya koma "ta kashe mu". Su a tsakaninsu sun san abin da aka datse, suna cike gurbin a zuci. Gwaggo ba ta sani ba. Rabin magana aka kai mata, kuma rabin da ya rage shi ne mai dafin.

Ƙoƙon kan shi ne baƙo. Matasan Amurka ne idan abu ya ba su dariya ko ya burge su sai su ce sun mutu, a hankali hoton ya maye gurbin maganar. Kafin shi, fuskar nan mai dariya har da hawaye ce ke tashe, har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta a matsayin kalmar shekara a 2015. Da iyaye suka ƙware a kanta sai yara suka ga ta tsufa, suka koma ƙoƙon kai. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da nasu, "mdr", gajarcen Faransanci ne mai nufin an mutu don dariya. Hoton wuta na nufin abu ya haɗu. "No cap" daga bakin baƙaƙen fatar Amurka da mawaƙansu ya fito, ma'anarsa ba ƙarya. Ba ruwansa da hula, ko da yake na tabbata akwai wani kawu ɗan boko a guruf ɗinku da har yanzu yake mamakin abin da ya haɗa dambu da rashin hula.

Gajarce kalmomi kuwa, ki yi haƙuri in ce mu muka fara. Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a 2001, kuma duk wadda ta riƙe ƙaramar Nokia ta tuna wahalar rubuta saƙo. Kafin ki rubuta "wallahi" sai kin danna maɓalli sau 14, har da tsayawa ki jira tsakanin l da l don suna kan maɓalli ɗaya. "Wlh" dannawa shida ce. Ga shi shafin saƙo ba ya wuce harafi 160, da kin haura ko da ɗaya ne an caje ki kuɗin biyu, kuma sai a 2013 hukumar kula da sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta sauko da kuɗin saƙo zuwa naira 4. A wannan matsi aka haifi "slm" (salam) da "ykk" (yaya kake) da "lfy" (lafiya) da "ngd" (na gode). Zamanin manhajar hira ta 2go ya zo ya raine su, WhatsApp ya gaje su. Yau babu mai cajin kowa kuɗin harafi, amma sabo ya zauna. Ni abin ma yakan ba ni dariya: yaron da ke kukan ba ya iya karanta Larabci in babu wasali, shi ne zai kwashe wasulan Hausa tas ya bar baƙaƙe tsirara, abokinsa ya karanta bai ko ƙifta ido ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa suke cika gishiri haka, kuma dalili ne na gaske. Hausa harshe ne na murya. "To" ɗaya tana iya zama yarda, tana iya zama barazana, tana iya zama sai ka gani, ya danganta da yadda aka ja ta. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna doguwa da gajeruwar wasali, balle ya nuna fuska. Idan muna magana baki da baki muna da kayan aiki jibgi: fari fat, baƙi wuluk, ja wur, sabo fil, cike maƙil, ga "fa" da "kam" da "dai" da "kuwa", ga tafa hannu da riƙe haɓa. A allon waya duk wannan ya tafi. Sai yaran suka nemi abin da zai tsaya a madadin murya: jan harafi kamar "muuu" da "sosaiii", jera hoto uku maimakon ɗaya, da rantsuwa a farkon magana. A wurinsu saƙon da ya zo tsurarsa kamar mutum ne ya amsa gaisuwa fuska a ɗaure. Ki gwada tura wa 'yarki "To." da ɗigo a ƙarshe, ki ga in ba ta kira ki tana tambayar me ta yi ba. Saboda haka da ta ga kowa ya rubuta "Allah ya saka da alheri", ita a ranta so ta yi ta fi kowa yabon gwaggonta. Ta ɗebo duk kayan adon da take da su ta zuba.

To ina laifin?

Gidan Bahaushe yana da katanga, kuma kowace magana da ɗakinta. Abin da 'yan mata ke faɗa a ƙuryar ɗaki suna shewa ba shi ake faɗa a tsakar gida ba, na tsakar gida kuma ba ya isa zaure inda maigida ke zaune da baƙi. Har wasa ma an raba masa hanya. Jika zai tsokani kakarsa ya kira ta matarsa, ta rama, kowa ya yi dariya. Taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, za su yi ta sharar juna ba mai jin haushi. Da 'yarki ta tura wannan saƙo ga 'yar Gwaggo, wadda take abokiyar wasanta ce ta jini, da ba abin da zai biyo baya sai ƙarin ƙoƙon kai. Amma ita Gwaggo ba abokiyar wasa ba ce. Yayar uba uba ce a cikin zane. Ita ake kai wa ƙara in uba ya ƙi ji, ita ke gaba ranar da za a kai yarinya ɗakin miji.

Guruf ɗin dangi ya rushe duk katangun nan. Kaka da jika da suruki da gwaggo da yaron da ya samu waya jiya, duk suna zaune a kan tabarma ɗaya, kuma ba wanda ke ganin fuskar wani. Yarinya tana kwance a gadonta, yanzu ta gama hira da ƙawarta, ta latsa ta shiga zauren dangi da harshen da ke bakinta. Ba ta tuɓe takalmi ba, ba ta gyara mayafi ba, don ba ta ji ta tsallaka wata ƙofa ba. Da a ce a tsakar gidan Gwaggo ne, ta gan ta zaune da carbi, ta tuna bara war haka ana zaman makoki a wurin, kalmar kisa ba za ta ko zo mata baki ba. Laifinta shi ne ta manta gaban wa take. Wannan rashin lura ne, ba lalacewa ba, kuma gyaransa daban yake da gyaran lalacewa.

Ki faɗa mata haka, da irin wannan tsari. Kada ki fara da cewa maganarta ta 'yan iska ce, don ta san ba haka ba ne, kuma daga nan ta rufe kunne. Ki ce mata kin gane yabo ta yi. Sannan ki tambaye ta: wanda aka yaba ya kwana yana kuka, yabon ya isa inda aka aike shi? Niyya tata ce, amma ciwon na Gwaggo ne, kuma ba a gaya wa mai ciwo cewa bai kamata ya ji zafi ba.

Yanzu ga "wlh". A nan ba zan ba yaran kariya kamar yadda na ba su a baya ba, domin wannan ba ƙoƙon kai ba ne, sunan Allah ne aka cire wa wasali. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a fili yake. Rantsuwa da Allah iri huɗu ce. Biyu suna da kaffara idan an karya, su ne waɗanda suka shafi abin da ke gaba: wallahi zan yi kaza, wallahi ba zan yi kaza ba. Biyu ba su da kaffara. Ɗaya ita ce lagawu, mutum ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance haka yake, daga baya ta bayyana ba haka ba ne. Wannan ba zunubi ba kaffara. Ɗayar ita ce mutum ya rantse yana sane ƙarya yake yi, ko yana shakka. Wannan kaffara ba ta kankare ta, sai tuba. Kaffarar kanta tana cikin aya ta 89 ta Suratul Ma'ida: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Kuma a cikin ayar nan ne aka ce a kiyaye rantsuwa. Wasu malamai, kamar Imamu Shafi'i, sun ɗauki bayanin Nana A'isha cewa lagawu ita ce irin "a'a wallahi", "i wallahi" da ke suɓuce wa mutum a hira ba tare da nufin rantsuwa ba. A wannan fahimta yawancin "wlh" ɗin yaranmu sun samu sauƙi. A fahimtar Malikiyya da muka tashi a kanta kuwa ƙofar ba ta kai haka faɗi ba.

Ki auna saƙonnin da kika gani da wannan ma'auni. "Wlh dambun nan ya yi daɗi" gaskiya ta faɗa, ba kaffara, illa dai an sa sunan Allah a inda "ƙwarai" ta isa. "Wlh gobe zan zo" da "wlh na daina kula ta" su ne masu igiya a wuya, don gobe tana zuwa ba a je ba, jibi an shirya da wadda aka rantse an daina kulawa. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne 'yan ƙananan nan da ba mai ɗaukarsu a bakin komai: "wlh ina hanya" alhali ana kwance, "wlh ban ga kiranki ba" alhali an gani an kifa wayar, "wlh ba ni da data". Yaro zai tura irin wannan sau biyar kafin azahar, bai san ya taka wadda ko kaffara ba ta wankewa ba. Idan akwai abin da za ki zauna da 'yarki a kansa da gaske, wannan ne. Batun ko akwai kaffarar da ta hau kanta a baya, da ko rubutacciyar rantsuwa ɗaya take da furtacciya, ki bar ta ita da kanta ta kai tambayar wurin malaminta na Islamiyya. Shekara 19 ta isa ta ɗauki tambayar addininta da ƙafarta, kuma amsar da ta nemo da kanta za ta fi zama mata fiye da wadda kika kawo mata a faranti.

Ko an ajiye hukunci gefe, akwai asarar da ake tafkawa. Rantsuwa kamar kuɗi take, in ta yi yawa a hannu sai ta daina sayen komai. A da, "wallahi" ɗaya takan kashe gardama. Da ta zama ruwan dare sai aka ƙara "tallahi". Yanzu "wlh tlh" ma ba ta isa ba, sai an biyo da "na rantse da Allah", wani har ya kira Alƙur'ani a kan cewa ya ga wane a kasuwa. Yarinyar da kowane saƙonta ke ɗauke da "wlh", ranar da ta turo magana ba shi sai ƙawayenta su ɗauka ba da gaske take ba. Ranar kuma da za ta buƙaci a yarda da ita a kan babban abu, a gidan miji ko a wurin aiki, za ta laluba ta tarar ta kashe kuɗin a kan dambu.

Sai dai kafin ki zauna da ita, 'yar uwa, ki buɗe wayarki ki saurari saƙonnin murya biyar na ƙarshe da kika tura wa ƙawayenki, ki ƙirga. Ni na yi wannan gwaji, ban ji daɗin lissafin ba. Laifi tudu ne. Yaran nan ba a TikTok suka fara jin "wallahi sai na karya ki" ba, a tsakar gida suka ji. Ba a intanet suka koyi "wallahi ban saya haka ba", a kasuwa suka ji daga bakin dattijai, duk da hadisin da ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Su rubutawa kawai suka yi, shi ya sa nasu ya zauna har kika iya ƙirgawa. Idan kika ce mata "zo mu rage tare", kika ba ta izini ta riƙa ɗaga miki yatsa duk sanda kika suɓuta, za ki ga abin ya zama na ku biyu. Kuma ki ba ta abin da za ta sa a gurbin, don ba a raba mutum da sanda a bar shi hannu sake. Hausa ba ta rasa ba: gaskiya, ba wasa, ƙwarai, haƙiƙa, ba ƙari, tabbas. In "no cap" ɗin take so, ta yi ta yi da ƙawayenta. Na fi son in ga ta ɓarnatar da kalmar 'yan Amurka da in ga ta ɓarnatar da sunan Ubangiji.

Duba wayar da kika yi tana wanka, na gane tashin hankali ne ya kai ki. Amma kada ki maimaita, kuma kada ki kafa hujja da abin da kika gani a can. Da zarar kin ce "na ga abin da kike tura wa ƙawayenki", zancen ya tashi daga kan rantsuwa ya koma kan leƙen asiri, ta sauya lambar sirri, ke kuma kin rasa ta. Saƙon da ta sa a guruf, wanda kowa ya gani, ya ishe ki buɗe maganar. Ki lura ma da abin da binciken naki ya nuna: kin juya wayar budurwa ciki da bai, abin da ya fi muni da kika samu shi ne "wlh". Iyaye da yawa za su yi sujudar godiya a kan haka.

Karɓe waya ba na goyon baya. 'Yar jami'a ce, a wayar ake sanar da sauyin lokacin lacca, a ciki ake raba takardun karatu, da ita kuke tura mata kuɗi. Kuma horon bai dace da laifin ba: ba zai share wa Gwaggo hawaye ba, ita kuma yarinyar abin da za ta koya kawai shi ne an zalunce ta a kan yabo. Shi maigida, ki fahimci fushinsa rabi kunya ce. Yayarsa ta kira shi tana kuka a kan abin da ya fito daga gidansa, dole ya nuna ya yi wani abu. Ki same shi shi kaɗai, bayan ya ci abinci, ba gaban yara ba. Kada ki ce masa bai fahimci zamani ba. Ki ce, "Alhaji, ka ba ni kwana uku in kai ta ta durƙusa gaban Yaya. In ba ta yi ba, ga waya nan." Kin ba shi abin da zai gaya wa yayarsa, kin kuma sayi lokaci. A guruf kuwa, kada yarinyar ta fita, za a ce fushi ta yi. Ta zauna, ta taƙaita a kan gaisuwa da addu'a da cikakkun kalmomi, har ƙura ta lafa.

"Sorry Gwaggo" ɗin nan da ta tura, gara ma da ba ta tura ba. An yi ɓarna da harshen da Gwaggo ba ta ji, an dawo ba da haƙuri da shi, kuma ta hannun mai karanta mata ɗin nan dai. Ita wannan mai karatu ina da tambaya a kanta, don duk wadda ta iya karanta "wlh tlh" da wuya a ce ba ta san me "bala'i ne" ke nufi a bakin yara ba. Amma kada ki bi ta kanta yanzu. Kika buɗe wannan shafi, rigima ɗaya ta zama biyu.

Zumunci a ƙafa yake, to ku taka. Kafin ku je, ki kira ɗaya daga cikin 'ya'yan Gwaggo, wadda take sa'ar 'yarki. Ina mai tabbatar miki ita ma haka take rubutu. Ki roƙe ta ta zauna da mahaifiyarta ta nuna mata a wayarta yadda su ma suke sa ƙoƙon kan nan a ƙarƙashin hoton jariri mai kumatu ko ɗinkin da ya yi kyau. Bayani daga bakin 'yarta zai shiga inda naku ba zai shiga ba, don ku a yanzu masu kare kai ne.

Sannan ku je da yamma bayan la'asar, ke da ita, da ɗan abin hannu, ko turare ko sabulu ko goro in tana ci. Yarinya ta sa hijabi, ta bar wayar a jaka, ta durƙusa har ƙasa. Ki ja mata kunne tun daga gida: ba "ai ni ba haka nake nufi ba", ba "ai haka ake yi yanzu". Ta ce, "Gwaggo, na yi kuskure, na yi magana ba da ladabi ba, na ɓata miki rai. Ki yafe mini don Allah." Ta yi shiru. Idan Gwaggo ta yi faɗa, ta sunkuyar da kai ta sha. Ke ce za ki kawo bayanin daga baya, a matsayinki na babba, kuma a taƙaice: "Yaya, wallahi santin dambun ne ya kwashe ta, ta rasa yadda za ta faɗa." Ga wuri ɗaya da na yarda ki yi rantsuwar, don gaskiya ce kuma ana bukatarta.

Mai yiwuwa Gwaggo ta ce "ba komai" da baki alhali fuska ba ta saki ba. Kada ku matsa. Macen da ta fita takaba ba da daɗewa ba, wadda wataƙila ta sha jin ƙananan maganganu a kan rasuwar mijinta, ba saƙon 'yarki kaɗai take wa kuka ba. Ku koma bayan mako biyu ba tare da an tayar da zancen ba. Yarinyar ta riƙa kiranta ranar Juma'a, kira na murya, ta gaishe ta da Hausar da aka haife ta a ciki.

In Allah ya kai mu wata Sallar layya, ki tura ta gidan Gwaggo tun ranar yanka ta kwana biyu. Ta tsaya a kan tukunya har naman ya yi lugub, ta karɓi taɓarya ta daka, ta zauna a bakin murhu tana juyawa har mai ya tsane dambu ya yi wara-wara. Ta tambayi Gwaggo sirrin kayan ƙamshinta, ko za ta faɗa ko ba za ta faɗa ba. Idan an sauke an ba ta ta ɗanɗana, ta faɗi abin da ta so faɗa tun farko, wannan karon da baki, Gwaggo tana kallon fuskarta.